Tumakin Aro

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san abin da ya faru a Maamobi sun san ni, waɗanda ba su sani ba kuwa sunana ba zai ƙare su da komai ba. Sunan da nake so ku riƙe, ku matasa, shi ne na Baba Seidu, domin saboda shi na zauna nake wannan rubutu.

A unguwar Nima ta birnin Accra aka haife ni, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya. Mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, mahaifina kuma dako ya yi a Kasuwar Malam Atta har bayansa ya ƙi. Talakawa ne, amma ban taɓa ganin sun kawo abin wani gida ba. A duk gidan hayar nan ni kaɗai na gama sakandare, bakina ya kama Turanci, hannuna ya iya kwamfuta. Duk wanda aka aiko wa wasiƙa daga waje ni yake nema. Tun ina jin daɗi har abin ya hau mini kai, na fara ganin kowa a unguwar bagidaje ne, ni kaɗai ne mai ido.

Na sami aiki a wani shagon intanet a Circle, ina cika wa mutane fom. Nan ɓarnar ta soma, kuma da ɗan ƙaramin abu ta soma. Wani direba mai neman aiki ya ce da ni, "Cale, abokina, ƙara mini shekara biyu a takardar, wa zai sani?" Na ƙara, ya ba ni na shan ruwa, ya kuma sami aikin. Daga ƙara shekara sai ƙirƙiro wasiƙar shaida, daga wasiƙa sai hatimin kamfanin da babu shi a duniya. Abu ɗaya na koya a shagon nan: takarda ba ta gardama, duk abin da ka ɗora mata za ta ɗauka. Kuma kada ku ɗauka mugu nake gani in na dubi madubi. Sallata ba ta wuce ni, azumina cikakke, abin da nake yi kuwa dabara nake kiransa.

Wata rana ina duba intanet na ci karo da sanarwar wata ƙungiya mai ba da tallafi. Suna neman wanda zai tara matasan birni marasa aiki, a koya musu noman kayan lambu da kiwon tumaki. Za su biya kuɗin fili da iri da abincin dabbobi da magani, a saya wa kowane matashi tunkiya biyu ya fara da su. Rabin kuɗin za su bayar da farko, sauran sai sun zo sun gani da idonsu. Sharaɗi ɗaya suka kafa mai ƙarfi: dole a sami dattijo wanda ya san kiwo, wanda unguwa ta yarda da shi, ya zama uban tafiyar, matasan su zauna ƙarƙashinsa su koya. Ni da ban taɓa ɗaure akuya ba, na karanta sau biyu, sai fuskar mutum ɗaya ta faɗo mini.

Baba Seidu tun yana saurayi ya biyo shanu daga arewa, ya zauna a Maamobi bai koma ba. Yana da ɗan garke a bayan masallacin unguwarsu, kusa da babbar kwata, tumaki ba su fi goma sha biyar ba. Bai yi boko ba, Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Amma in akuya ta ƙi cin abinci, ko tunkiya ta kasa haihuwa, daga Nima har Sabon Zongo shi ake kira, kuma ba ya karɓar komai sai goro. Mata kan ba shi ajiyar dabbobinsu in za su yi tafiya, ba shaida ba takarda. A unguwar in aka ce "Baba Seidu ya ce," to magana ta ƙare.

Akwai abu ɗaya da ake masa dariya a kai. Can gefe, nesa da garken, a gindin wata darbejiya, ya kafa turke guda shi kaɗai da kwanon ruwansa daban. Turken baƙo yake kiransa. Duk dabbar da ta zo sabuwa, ko daga gidan liman ta fito, nan za ta yi mako biyu yana duba hancinta da idonta da kashinta kafin ta shiga cikin sauran. Yakan ce, "Baƙo ba a korarsa, amma ba a haɗa shi kwano da 'yan gida sai an san abin da ya zo da shi." Ni ma na sha yin dariyar, ina cewa tsoho ya buɗe wa tumaki ofishin shige da fice.

Na same shi bayan la'asar, na durƙusa kamar mutumin kirki, na ba shi labarin tallafin. Ya yi murna har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗana, yaran nan da ke zaune bakin kwata suna caca a waya, ko biyar suka kama igiya ai na mutu da daɗi." Na miƙa masa takardu, ya dangwala yatsa a duk inda na nuna, bai tambaye ni me aka rubuta ba. A ciki na sa shi ne shugaba, ni sakatare ne kawai, amma ni kaɗai ke iya taɓa asusun banki.

Kuɗi suka shigo. Wallahi da farko niyyata in yi rabin aikin in ci rabi, wai ni mai adalci. Na kama wani fili mai shinge a hanyar Dodowa, na buga riguna masu sunan ƙungiyar, na tara matasa ashirin, na saya musu shinkafa da wake, muka ɗauki hotuna riƙe da fartanya. Baba ya tsaya awa guda yana nuna musu yadda ake gane shekarun tunkiya daga haƙoranta, wasunsu har tambaya suke yi. Wannan ce rana ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe. Sauran kuɗin babur ya ci, da sabuwar waya, da ɗaki mai sanyi, da cacar ƙwallon nan da nake zagin yara a kanta. Duk sanda Baba ya tambayi yaushe za a sayo tumakin, sai in ce Turawa ba su saki kuɗi ba tukuna. Sai ya ce, "To, Allah ya kawo," ya ci gaba da tufka wa yaran igiyoyi da hannunsa, kowa da tasa.

Ana saura mako uku Babbar Sallah saƙo ya zo daga ƙungiyar: ranar Asabar za su zo ganin tumaki arba'in da na rubuta cewa na saya. Ni kuwa ko jela ba ni da ita. Da mai hankali ne, da ya je ya faɗi gaskiya. Ni sai na tuna yadda muke biki a zango. Ba mai benci hamsin a gidansa, ba mai tukunya goma. Ranar suna ko aure a bi gida gida a aro, a yi hidima, gobe a mayar wa kowa da abinsa. Na ce a raina, in ana aron benci, me zai hana a ari tunkiya?

Sai dai na san ba wanda zai ara mini ko kaza. Don haka na koma wa Baba. Na ce ƙungiya za ta kawo likitan dabbobi ranar Asabar ya yi wa dabbobin unguwa allura kyauta, amma sai an kai su filin. Tsohon ya ɗauki sandarsa, kwana biyu yana shiga lungu yana fita, yana sallama ƙofa ƙofa, kuma aka ba shi. Wani ya kwanto ragon layyarsa da ya shekara yana ba dusa, wata ta ba da tunkiya mai ciki. Akwai Mma Hawa, mai sayar da tuwo kusa da masallacin, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tumaki uku gare ta, ta tara su ne tun tana kayaye tana ɗaukar kayan mutane a ka. Ina tsaye ta ce, "Baba, don kai ne. Wannan yaro mai babur kam, ban yarda da shi ba koraa, ko kaɗan." Baba ya yi dariya ya ce, "Mma Hawa, ɗana ne. In wani abu ya same su, ni za ki kama."

Da nasa da na mutane, ashirin da takwas muka kai fili. Saura goma sha biyu. Ranar Juma'a da yamma, ban gaya wa Baba ba, na je kasuwar dabbobi ta bayan gari na sami wani dillali da aka sauke wa mota daga arewa a ranar. Ya ba ni hayar goma sha biyu na kwana ɗaya da araha ƙwarai, har shi ya zaɓo mini da kansa. Na taho ina yabon kaina na iya ciniki. Ban tambayi kaina me zai sa mutum ya saki dabba da araha ana dab da Sallah ba. Na zuba su cikin shinge tare da na unguwa, duka suna shan ruwa a rabin duro ɗaya. Sannan na ɗauko shuɗin fenti na shafa wa kowace a gadon baya, don su yi kama da garke guda.

Da safe Baba ya iso. Kafin ya kai shingen ya tsaya cak. Ya shiga, ya kama ɗaya daga cikin na haya, ya buɗe bakinta, ya dubi hancinta mai zubar da majina, ya ɗaga jelarta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Waɗannan daga ina?"

"Na ƙungiya ne, Baba, sun daɗe a killace."

"Kada ka yi mini ƙarya, warin mota bai fita daga gashinsu ba. Sun sha ruwa ɗaya da namu?"

Na ce tun jiya. Ya riƙe kansa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaro, ka kashe mutane." Na ce a raina tsoho da ƙari, majina ce fa kawai. Ya fara jan na hayar gefe shi kaɗai, sai ga motar ƙungiya ta shigo.

Mutum biyu ne, wata Madam 'yar Accra da wani Bature. Suka ƙirga, suka ɗauki hoto, suka yaba. Baba ya matso yana haɗa hannu yana ce mini, "Tambaye su ina likitan. Gaya musu yau ake bukatarsa, ba gobe ba." Na juya na ce musu da Turanci Baba yana godiya, yana cewa Allah ya saka da alheri. Suka yi murmushi, Baturen ya kama hannunsa ya girgiza. Na juyo na ce wa Baba motar likita ta lalace, amma Litinin zai zo unguwa da kansa. Da na ga ya fara lalubo ɗan yaren Twi da ya iya zai yi wa Madam magana kai tsaye, sai na janye ta zuwa ganin kabejin maƙwabci, na ce namu ne. Haka na tsaya a tsakiyarsu ina yi wa kowa ƙarya da harshensa.

Da yamma aka mayar wa kowa da dabbarsa. Baba ya sake bin gidajen yana roƙo a ware su, kada a haɗa da sauran. Amma a ware a ina? Wanda ya san gidajenmu ya sani, tsakar gida ɗaya ce, nan ake girki, nan ake wanki, nan akuyar kowa take kwana. Kafin mako ya zagayo abin ya tashi. Majina, kwantsa ta rufe ido, baki ya yi gyambo, sai zawo, sai mutuwa. Cutar ta ci masu shuɗin fenti, ta tsallaka kan waɗanda ba su je ko'ina ba. Kowace safiya sai an ga mushe a kwata da shuɗin nan a bayansa. Sallar shekarar nan gidaje da yawa a Maamobi ba su yi layya ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, amma ina ɗakina mai sanyi na kashe waya, Baba Seidu ruwan ya doka. Shi aka sani, shi ya je ƙofar kowa. Mutanen da jiya suke durƙusa masa suka tsaya a kansa suna kiransa maci amana, wai ya sayar wa Turawa dabbobin unguwa su gwada magani.

Mma Hawa ce ta tona ni, kuma ba da niyya ba. Biyu daga cikin nata sun mutu, ta ukun tana numfashi da ƙyar. Ta karɓi rigar ƙungiya da ke wurin Baba, ta sa aka karanta mata adireshin da ke baya, ta ɗora tunkiyar a aboboya, keken kayan nan mai ƙafa uku, har ƙofar ofis. An ce ta shiga tana cewa, "Ina dokita ɗin? Kun ce Litinin zai zo. Tunkiyana yana mutuwa, ku taimake ni." Madam ta fito, ta ga shuɗin fentin da ta ɗauki hotonsa, ta tambayi tunkiyar wace ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tunkiyar ta mutu nan ƙofar ofis, ni kuma washegari 'yan sanda suka same ni a Circle ina neman mai sayen babur.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi duka muni, wanda na yi shekaru bakina ya kasa furtawa. Da aka tambaye ni, na ce ni ɗan aike ne, Baba Seidu ne shugaba, ga yatsansa nan a kowace takarda. Aka je aka ɗauko tsoho mai furfura a ƙofar masallaci, aka sa shi a mota unguwa tana kallo. Kwana huɗu ya yi a tsare wurin 'yan sanda, ɗaki ɗaya da ni. Bai zage ni ba. Yakan yi taimama a bango ya yi sallarsa. Sau ɗaya kawai ya dube ni ya ce, "Ɗana, tumaki sun tafi, ba za su dawo ba. Sunana kaɗai nake roƙonka." Na juya masa baya. Lissafina shi ne in laifin ya rabu biyu, nawa kason zai yi sauƙi.

A kotu takardun banki suka nuna ko pesewa ɗaya, wato ko sisi, ba ta shiga hannunsa ba. Aka sallame shi, ni aka ba ni shekara shida. Amma har aka fita da ni ina cewa ya sani. Unguwa kuwa ba ta karanta takardar banki. Abin da ta ji shi ne yaron ya ce tsohon ya sani, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Kurkuku ba zan ba ku dogon labarinsa ba. Ɗaki a cike har sai an yi juyi tare, ƙaiƙayi ya cinye fata, miya kamar ruwan wanke kwano. Mahaifiyata ta zo sau biyu. A zuwa na biyu ta ce mini ta daina koko, don mutane sun daina saye a wurin uwar ɓarawo. A shekara ta uku aka mayar da ni gonar gidan yari, kuma kun san aikin da aka ba ni? Kiwon tumaki. Ranar da aka kawo sababbin raguna biyu, na ja su zan zuba cikin garke, sai gandiroba ya daka mini tsawa, ya nuna mini wani turke can gefe ya ce mako biyu. Na tsaya riƙe da igiya, sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a kotu ba. Horon da aka ba da kuɗi don matasa ashirin su samu a hannun Baba, ni kaɗai na same shi, da kayan fursuna a jikina. Tun ranar na yi alkawari in na fita, kafin in je gida zan je in durƙusa masa, in faɗi gaskiya a gaban jama'a.

Da aka sake ni na sauka a Circle, na taka da ƙafa har Maamobi. Inda garken yake an kafa kwantena ana sayar da katin waya. Darbejiyar tana nan, turken ma yana nan a gindinta. Mma Hawa na tarar a gefe tana tuƙa tuwo, ta tsufa ƙwarai. Ta dube ni ta ce:

"Kai ne? Ka makara paa. Baba ya rasu, shekara biyu ke nan."

Ta ba ni labari ba tare da ta daina tuƙi ba. Tumakinsa huɗu ne suka tsira, ya raba su ga waɗanda suka fi talauci cikin waɗanda suka ba da aron, ita ma ya kawo mata ɗaya. Bayan nan ba wanda ya sake kiransa duba dabba. Ya koma sahun ƙarshe a masallaci, in ya fito ana nuna shi ana cewa ga Baba Fenti nan. Ranar jana'izarsa waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba.

Na ce, "Mma, bai sani ba. Wallahi bai san komai ba."

Ta ce, "Ni na sani tun tuni. Ba ni za ka gaya ma ba." Ta nuna masallaci da muciya.

Bayan la'asar na nemi izinin liman, na tashi na faɗi duk abin da kuka karanta. Wasu suka yi salati, wani tsoho ya fashe da kuka, wani da ragon layyarsa ya mutu ya tofa mini yawu a waje, kuma ya yi daidai. Amma wanda ya roƙe ni wannan maganar a ɗakin 'yan sanda yana cikin ƙasa, bai ji ba.

Da na fito Mma Hawa ta kira ni. Ta jawo wata igiya daga ƙarƙashin teburinta, cikin waɗanda ya tufka wa yaran. Ta ce, "Ya ce in ka dawo a ba ka. Ya ce kada a kore ka, kada kuma a haɗa ka kwano da mutane da wuri. A bar ka a gefe a duba ka." Ta miƙo mini ba ta ɗaga kai ba.

A gefen nake har yau. Ina kiwon tumaki biyar a bayan gari, da igiyar nan nake ɗaure duk wadda ta zo sabuwa. Ba na taɓa takardar kowa, ba mai ba ni ajiya, ban kuma ce a ba ni ba. Ƙungiyar ba ta sake waiwayar unguwarmu ba. Matasa ashirin ɗin nan wasu suna bakin kwata inda na same su, ɗaya ya bi hanyar sahara ba a sake jin labarinsa ba.

Ku matasa masu Turanci da waya, ku za a riƙa kawo wa irin waɗannan takardu, don ku kuka iya karantawa. In tallafi ya shigo ta hannunku, ba naku ba ne, rabon mutanen da ba su iya cika fom ba ne. In tsoho ya miƙo muku yatsa ya dangwala bai tambaya ba, ku sani sunansa ya ba ku, kuma shi ne duk abin da ya tara a duniya. Ku karanta masa abin da aka rubuta. In kuma kun riga kun yi wa wani ƙarya, ku warware ta yau, tun yana da kunnen ji. Ni na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa. Alfarma ɗaya nake nema a wurin duk wanda ya karanta wannan: in ka bi ta Maamobi ka ji an ce Baba Fenti, ka tsaya ka gaya musu sunansa Baba Seidu, kuma ko pesewa ɗaya bai ci ba.